Inda Na Baro Baffanka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Bawa mai jakai, a Matameye, zuwa ga ɗana Isuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Ina roƙon Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya sauke ka a hannun mutanen da ke jin tsoronsa.

Bayan haka, hannun Malam Habu ne a kan takardar nan, amma bakina ne. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, ko inda bai yi masa daɗi ba. Na zaɓi takarda don na san halina, na kuma san naka. In na zaunar da kai a zaure, kafin in kai rabin magana ka ɗaure fuska, ni kuma na ɗaga murya, uwarka ta leƙo tana ba mu haƙuri. Na ce mata ta hana ka buɗewa sai ka wuce turken ƙarfen nan da Nasara suka kafa, wanda ya mai da Daura wata ƙasa. In ka ji maganarta, to, yanzu kana ƙasar Ingilishi, ba ka da wanda za ka yi wa gardama sai takarda.

Ban so tafiyar nan ba, ka sani. Ka ce gara ka je ka yi aikin fatu a rumbun Turawa kusa da tasha, da ka zauna gardi, dogaran Faransa, su zo su tasa ka aikin hanya. Tun da za ka, ina da saƙo guda, kuma saboda shi na tsai da Malam Habu yau ya bar karatunsa. Saƙon shi ne baffanka Ɗanlami, ƙanena, uban Ramatu, wanda ya tafi aikin reluwe tun ba a yi maka kaciya ba.

Ka san abin da nake yi kowace jajibere. Uwarka ta tuƙa tuwon sadaka, ni in zauna a ƙofar gida in jera sunayen mamatanmu, tun daga kakanmu da ya sari dajin nan har zuwa jaririn da aka rufe bara, malam yana yi wa kowa addu'a. In na gama da su, sai in jera na matafiya, waɗanda ke raye a nesa, a roƙa musu dawowa. Ka sha jin na yi shiru tsakanin jerin nan biyu. Kun ɗauka numfashi nake ja. Ɗanlami ne a wurin. Ban san inda zan sa shi ba. In na sa shi cikin matattu alhali yana numfashi a wani wuri, na binne ɗan'uwana da bakina. In na sa shi cikin rayayyu alhali ƙasa ta daɗe da cinye shi, na hana shi addu'ar da take tasa. Mutane suna zuwa daga Dawce da Icirnawa su tambaye ni kabarin kakanninsu da iyakar gonakinsu, in kai su in nuna musu da sanda. Ga shi na ƙanena ya gagare ni.

Yadda aka yi haka, a kan maganar Turawa ne. Shi ya sa zan yi maka bayaninta kafin ka buɗe baki a can.

Lokacin da Nasara suka fara zama a ƙasar nan, na yi rantsuwa kalmarsu ba za ta shiga bakina ba. Ana cewa kumandan, ni ina cewa mai jan kunnen nan na bariki. Ana cewa lanho, ni ina cewa harajin da suke ƙwata. Har ana yaba mini, ana cewa Bawa bai tanƙwaru ba, ni kuma ina jin daɗi. Sai aka kira ni shaida a kan gonar wata gwauruwa da 'yan'uwan mijinta ke son cinyewa. Na tsaya gaban kumandan na kawo labarin gonar tun daga wanda ya fara kafa mata gamba a iyaka, da wanda ya gada, da aduwar da aka yi rantsuwa a gindinta. Da na gama, tafinta ya juya ya yi magana da ba ta kai tsawon atishawa ba. Aka ba 'yan'uwan mijin gona. Har yau ban san abin da ya faɗa ba. Da ina da ko ɗan guntun maganarsu a kunne, da na gane ya datse, na ce a sake. Matar ta koma garinsu da 'ya'yanta, ni na dawo gida da rantsuwata lafiya lau. To, kada ka yi irin wannan. Ka koyi maganarsu. Ba don tana da daɗi ba, don ka san abin da ake yi da kai.

Na san kana taƙama da 'yan kalmomin da ka tsinta wurin gardi. Ka bar su a bakin turke. Na Faransa daga hanci suke fitowa, na Ingilishi tsakanin haƙora. In ka kai na nan can, ba abin da za su saya maka sai a gane daga inda ka gudo.

Ga abin da kunnena ya gane game da ta Ingilishi, a shekarun da na yi ina kora jakai da kanwa zuwa Kano. Kalmarmu tana ƙarewa baki a buɗe. Tasu tana ƙarewa baki a datse, kamar mutum ya rufe maka ƙofa. Sukan ɗaure sauti a kan sauti ba abin da ya raba su, kamar a ce ka haɗiye tsakuwa bisa tsakuwa ba ruwa. Mu sai mun zuba musu mai a tsakani kafin su wuce maƙogwaro. Wurin da jirgin ƙasa ke tsayawa, su da huci suke fara kiransa irin na maciji, mutanenmu suka yar da hucin suka ce tasha. Abin da ke tsai da jirgin, a bakinsu kamar an karya kara ne, mu muka ce birki. Ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya muka ce asibiti, shugaban leburori muka ce helma. Akwai wani sauti da sai ka ƙulle leɓɓa ka fasa su kamar mai tofar da ƙwallon magarya. Akwai wani kuma da sai ka zaro harshe tsakanin haƙora ka hura, kamar ɗan akuyan da ƙishirwa ta kama. Wannan kam na ce dattijo ba ya yin sa a gaban mutane. Malam Habu yana dariya, ya ce ba shi da baƙin da zai rubuta su da shi. Ba komai, kunnenka zai kai ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, karkatar baki ba laifi ba ce. Kumandan ya daɗe a ƙasar nan, har gobe bai iya cewa ƙwarya ba, bai iya cewa tsamiya ba, sunan garinmu ma sai ya tauna shi kamar ɗanyen rogo. Ba wanda ya taɓa hana shi shiga ko'ina saboda haka, shi kuma bai taɓa jin kunya ba.

Bayan maganar gonar nan na sassauta, amma na sassauta ta gefen da bai kamata ba. Abokin tafiyata Cindo na Icirnawa ya koya mini kalma guda. Ya ce, “Bawa, in ka ga Baturen Ingilishi, ko me ya ce, ka ce yassa. Shi ke nan ka rabu da shi lafiya.” Na gwada na ji ta zauna a bakina ba wuya. Wata tafiya, gab da faɗuwar damina, muka iske ana aikin hanya bayan Kazaure. Wani Bature a kan doki ya tsai da ni, yana nuna jakaina yana magana. Duk inda ya ja numfashi in ce yassa. Na ga fuskarsa ta saki, na ce a raina ashe abin ba wuya. Ban ankara ba leburori suka sauke mini kanwa a gefen hanya, suka ɗora wa jakaina duwatsu. Na ruga wurin helma.

Ya ce, “Baba, ai kai ka yarda. Ya tambaye ka ko jakan nan naka ne, ka ce yassa. Ya ce ko za ka bar su su yi mana jigilar dutse har a gama gadar nan, ka ce yassa. Har ya ce bai taɓa ganin mutum mai sauƙin kai irinka ba.”

Na ce, “To, yaya ake cewa ban yarda ba?”

Ya ce, “Wannan doguwa ce, ba za ka iya ba.”

Ruwa ya sauka a kan kanwar ta narke ina kallo. Jakai suka fito da miki a baya. Ka lura da wannan, Isuhu. Kalmomin da za su fara ba ka masu sauƙi ne: zo, tafi, ɗauka, to. Waɗanda za ka kare kanka da su, ka ce ban gane ba, a sake faɗa, wannan ba aikina ba ne, su ne masu karya harshe, kuma ba wanda zai yi gaggawar koya maka. Su za ka fara nema. Kada ka ce to ga maganar da ba a juya maka ita da Hausa ba. In babba ce, ka sa mutum biyu da ba su san juna ba su juya maka.

Yanzu na zo kan Ɗanlami.

Cindo ne ya kawo labari cewa dogon ƙarfen da suke shimfiɗa wa jirgi ya kuɓuce ya faɗa masa a ƙafa, an kwantar da shi a wani shinge na kwano bayan garin Kano, wajen tasha, inda ake ajiye leburorin da suka ji ciwo. Kakarka Iya tana da rai a lokacin. Ta daka masa ƙuli-ƙuli da yaji ta ƙulle a tsumma, ta ce, “Ka ɗoro shi a kan jaki ko ƙafar ba ta warke ba. A nan za ta warke.” Na ɗaura kanwa don kada in tafi hannu wofi, na kama hanya.

A Kano wani helma ya ce mini ba a barin dangi su shiga sai da izinin Baturen da ke kan wurin, ya kuma gaya mini sunan sarautarsa. Yanzu na ji mutane sun lanƙwasa ta suna cewa sufurtanda. A lokacin ba a lanƙwasa ba tukuna, tana nan da ƙayoyinta. Na yi ta juya ta a baki tun daga masauki har ƙofar shingen.

Mai tsaron ƙofar baƙin mutum ne kamarmu, Bakano, tsohon soja, da guntun gemu da jar hula. Na yi sallama ya amsa.

Ya ce, “Baba, daga ina da ƙura haka?”

Na ce, “Daga ƙasar Damagaram. Ƙanena na zo dubawa, Ɗanlami, wanda ƙarfe ya faɗa wa.”

Da ya ji Damagaram sai na ga idonsa ya yi haske. Ya ce, “To, madalla. Wa kake so ka gani?”

Na faɗi kalmar. Ta fito a karye, rabinta ya maƙale.

Ya ce, “Wa?”

Na sake. Sai ya juya ya kira wasu leburori da ke zaune a inuwa suna shan fura. “Ku taso ku ji Badamagare yana Turanci. Baba, sake musu. A hankali, kada ka ciji harshe, ba mu da mai ɗinki yau.”

Na sake, suka fashe da dariya. Ɗaya har fura ta sarƙe shi.

Ya ce, “Da jakinka ka turo, da tuni ya shige.”

Na ce, “Ɗan nan, ka san wanda nake nufi.”

Ya ce, “Na sani mana. Amma ku da kuka ce kun fi mu yaƙi, kalma guda ta kayar da ku? Faɗi sau ɗaya tak in buɗe. Ga hannuna a kan sakata.”

Hannunsa kuwa yana kan sakatar, na gani da idona. Ta ramin kwanon ina hango ƙafafun mutane a kan tabarmi. Ni da ake yi wa shiru a Matameye in na buɗe baki, yau ni ne abin dariyar masu shan fura. Na ce, “Ni ba aku ba ne.” Na juya.

Mai furar, wata dattijuwa, ta biyo ni da ludayi a hannu. Ta ce, “Malam, ina za ka? Ba Badamagare ba ne kai? Shi Bakano ne, wasanku ne. Ka rama mana. Ka ce masa bawanka ne, kakanka ya sayar da kakansa, ku yi dariya ya buɗe maka.”

Na ce, “Ban zo wasa ba.”

Ta ce, “To, wanda ke ciki ma bai zo wasa ba.”

Ban tsaya ba.

Ka duba wannan da kyau. Ba wanda ya fi ni sanin wasan da ke tsakaninmu da Kanawa. Na san asalinsa, na san yaƙe-yaƙen da suka haife shi, a kasuwar Kano na sha mayar wa Bakano magana har ya rasa ta cewa ya ba ni goro. Da a kan rigata ya tsokane ni, ko a kan jakaina kawai, da na ba shi amsar da zai riƙe ciki. Amma da yake a kan kalmar Nasara ce, wadda na san ban iya ba, sai ban ga wasa ba, na ga tsirara kawai. Har yau ban sani ba ko wasa ne zalla ko akwai mugunta a ciki. Ba shi ne abin dubawa ba. Ƙofa ce, ƙanena yana bayanta, abin da aka nema a wurina in bari a yi mini dariya.

Na ce zan koma in na huce, in tafi da wanda ya iya bakinsu. Na tsaya na sayar da kanwa, fushina ya ƙi sauka, wanda ya ce zai raka ni ya yi ta ɗaga mini rana. Ranar da na koma na iske shingen a buɗe, ba mai tsaro, ba tabarmi, awaki suna kiwo a ciki. Aiki ya ƙare a wurin. Wani ya ce an kwashe masu ciwon a jirgi an yi kudu da su. Wani ya ce waɗanda suka iya tashi an sallame su, waɗanda ba su iya ba an rufe su a nan bayan gari. Na bi masu haƙar kabari, na bi masaukan mutanen ƙasarmu. Ba wanda ya ce ya gan shi da rai, ba wanda ya ce ya wanke shi.

Na dawo da ƙullin Iya ban kwance ba. Tana zaune tana kaɗi, ta dubi jakin da ke bayana, ta dube ni. Ta ce, “Ka gan shi?” Na ce ban gan shi ba. Ta ce, “Sun hana ka?” Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Dariya ce kawai, Bawa?” Ta ci gaba da kaɗinta. Daga ranar har ta rasu ba ta sake tambayata labarin Kano ba.

Uwar Ramatu ta zauna, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji, har malamai suka ce lokacin jira ya cika. Ramatu ta tashi a gidanmu tare da kai. Bara, bayan an watse daga sadakar jajibere, ta zo tana kwashe akusa ta ce, “Baba, in ina addu'a, Allah ya jiƙansa zan ce, ko Allah ya dawo da shi?” Na ce ta faɗi duka biyun. Ta ce, “To.” Ba ta yarda da amsar ba, ni ma ban yarda da ita ba.

Saboda haka ga abin da nake so. In ka zauna ka san gari, ka neme shi. Dogo ne, bahago, yana da wushirya, da tsagar gidanmu irin taka. A can ba lalle su san shi da Ɗanlami kawai ba, sukan liƙa wa mutum sunan ƙasarsa, ka ce Ɗanlami Damagaram. Ka fara da tsofaffin helmomi da mata masu fura a bakin tasha, su ba sa mantuwa. Ka je wurin sarkin guragu ka gaishe shi da ladabi, don in ƙafar ta tafi, na san ƙanena, kunya za ta iya hana shi dawowa. In duk wannan bai yi ba, sai ka je ƙofar Turawan reluwe da ta asibiti. A nan za a sa ka faɗi kalmomin da bakinka bai saba ba, kuma za a yi maka dariya, don kai ma Badamagare ne, kuma ɗana ne, na ga yadda kake yin shiru ka tashi in an taɓa ka. Kada ka tashi. Ka faɗa a karye. In sun ce sake, ka sake. In Bakano ne ka rama, in ba shi ba ne ka yi dariyar tare da su, ƙafarka tana nan inda take. Mai dariya yana gajiya. Ni ban tsaya na ga gajiyarsa ba.

In ka same shi da rai bai son dawowa, kada ka ja shi. Ka ce masa Ramatu ta girma, tana da hankali, hannun hagu take ci da shi in ba a kallo. Ka ce masa yayansa ya zo har ƙofa. Kada ka gyara labarin, ka faɗa masa yadda na juya. In kuma ka sami wanda ya tabbatar ya rasu, ka sa ya nuna maka wurin ko da kusa-kusa ne, ka tsaya ka yi masa addu'a, ka aiko mini da ayarin farko. In ba ka sami komai ba, ka ce ba ka samu ba. Kada tausayina ya sa ka ƙaga mini kabari. Na jera sunaye duk rayuwata ban sa na ƙarya ko ɗaya ba, ba zan fara da na ƙanena ba.

Idona yana raguwa, ƙafata ma ba ta kai ni gona sai da hutawa. Na koya maka jerin, ka iya shi, ko da kana yi kamar ba ka saurara. In saƙonka ya riske ni, zan sa Ɗanlami inda ya dace in huta. In bai riske ni ba, to, jerin ya zama naka, kai za ka zauna a ƙofar gida ranar jajibere, kuma kai za ka sa shi. Nawa sunan ba zai ba ka wuya ba, za ka san gefen da yake.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce kada ka sha ruwan kududdufi a hanya. Ramatu tana gaishe ka. Malam Habu ya ce ka riƙe salla a kan lokacinta ko Bature yana tsaye.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sauƙaƙa maka harshenka, ya ba ka haƙurin da bai ba ni ba. Allah ya sa ka ci halal, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Na yafe maka duniya da lahira.

Wassalam. Daga mahaifinka, Bawa.